Feshin-Ruwa

Gonar Tsoho kashi biyu ce, tudu da gangare. Tudu shi yake noma abinsa. Gangare kuwa ya miƙa wa ɗansa Dogo shekarar da yaron ya yi aure. Ya ce masa, "Ka riƙe. In ka lalata, in karɓe." Sau ɗaya ya faɗa. Tsoho ba ya faɗin magana sau biyu, ba ya kuma janye wadda ya faɗa.

A ƙarshen gangaren, daidai kan iyaka, akwai madatsa. Karan masarar bara ne, a ɗaɗɗaure dami-dami, a jera, a bi shi da ƙasa a tattake har ya kai gwiwa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Tsoho yake sabunta ta da hannunsa. Amfaninta guda ne: kada ɗigon ruwan da ya faɗo a gonarsa ya tsallaka gonar Mai Keke.

Mai Keke shi ne maƙwabcinsa na iyaka. Tun kansu bai yi furfura ba suka yi rigima a kan wata bishiya da ta tsiro tsakaninsu. Bishiyar ta daɗe da bushewa, an faskara ta, an ƙone, tokarta ma ta bi iska. Rigimar tana nan daram. In sun haɗu a hanya, Mai Keke ya kaɗa ƙararrawa, Tsoho ya dubi sama.

"Ruwan da ya sauka a kaina, da takin da na ɗauko a wuyana," Tsoho yakan ce, "su gangara su yi wa wancan noma? Sai dai bayan raina."

A shekarun fari madatsar ta yi masa rana. Masarar mutane tana naɗe ganye, tasa tana sheƙi. Masu wucewa sukan tsaya su ce, tsohon nan ya san ruwa. Ba ya waiwayawa, amma yana jin su sarai.

Sai aka shiga wata damina mai ruwa da zafi tare. A yi ruwa da safe, rana ta fito kamar za ta dafa ƙasa, da yamma kuma hadari ya sake haɗowa. Ruwa ya kwanta a gangare, ba shi da hanyar fita. Masara ta kai kafaɗa, ta fara goyo, gindinta a cikin taɓo. Kwaɗi suka tare a kwarin kunya kamar gadon ubansu.

Dogo ya sami ubansa a tudu yana wasa fartanya. Ya tsaya daga gefe, wando a naɗe, laka har ƙwauri.

"Baba, da za a bar ni in ɗan sare madatsar nan. Ko taƙi ɗaya ne. Ruwan ya yi yawa."

"Ruwa ba ya yawa a gona."

"Saiwar ba ta numfashi, Baba. Na tuge guda, har wari take."

"Wa ya aiko ka? Mai Keke?"

"Haba, Baba."

"Tun ba a haife ka ba nake tare ruwan nan. Da shi aka ciyar da kai har ka yi wannan tsawon na banza. Ka taɓa madatsar nan, ka san sauran."

Dogo ya sunkuyar da kai ya koma. Haka yake tun yana ƙarami, ba ya ja-in-ja. Uwarsa takan ce ya ɗauko tsawon ubansa, ya bar masa bakin.

Ba a jima ba masara ta fara faɗuwa. Irin faɗuwar ce ta ba mutane mamaki. Ganye kore shar, goyo ya fara cika, amma kara ya murɗe daga ƙasa ya kwanta, kamar mutumin da aka taɗe yana cikin tafiya. Tsoho ya sauko da sandarsa. Yana da yadda yake gwada kara: ya tokare shi da sanda ya tura. Mai lafiya ya lanƙwasa ya dawo. Ranar duk wanda ya tura sai ya bi sandar. Ya durƙusa ya matsa gaɓar farko, wadda ke saman ƙasa kaɗan. Ta yi laushi, ta yi ruwa-ruwa, yatsansa ya shige.

"Funfuna ce," ya ce. "Na san ta."

Gaskiya ya san wata. Shekarun baya wata funfuna ta kama masa ganye, ya fesa magani ta tafi. Ya je shagon maganin gona da ke bakin titi, ya sayo irin wancan maganin, babbar kwalba. Ya sauko da famfon feshi daga ƙusar da yake rataye, ya dire wa Dogo.

"Murfi biyu a tanki. Ka bi gindi. Kada ka tsallake ko ɗaya."

A ranar aka aiko masa cewa ƙanwarsa tana kwance asibiti a wani gari. Ya tafi. Ya yi kwanaki a can, zaune kan benci a baranda, rabin hankalinsa yana gona. Da ta sami sauƙi ya dawo. Bai shiga gida ba, ya wuce gangare.

Fiye da rabin masarar ta kwanta. Kwalbar tana gefen kunya, wayam. Ya ɗauke ta. A gida kuma ya tarar da Dogo zaune yana danna sabuwar waya, 'yarsa ƙarama tana leƙe ta kafaɗarsa. Tsoho ya dubi wayar, ya dubi kwalbar da ke hannunsa. Ya fita.

Shagon maganin yana da rumfar kwano da dogon benci a gaba. Nan manoma suke zama in sun taso, a yi hirar taki da ruwan sama. Ranar bencin a cike yake. Akwai Kafinta, akwai Direba wanda ya daina tuƙi bai daina surutu ba, da wasu.

Tsoho ya dangwarar da kwalbar a kan kanta.

"Jabu ka sayar mini."

Mai shago ya ɗaga ta, ya jujjuya. "Baba, wannan ai shi ne ka saya shekarun baya, ka dawo kana sa mini albarka. Kwali ɗaya na buɗe, kowa ya saya. Wa ya dawo?"

"Ni na dawo."

"To, ko dai ba a fesa ba?"

Direba ya gyara zama. "Yaran yanzu? A sayar da magani a bayan gari, a cika tanki da ruwan rijiya, a yi ta yi wa masara wanka tana jin daɗi. Na ga wanda ya yi."

Aka yi dariya. Ana cikin dariyar sai ga Dogo da famfon a bayansa, ya zo a canja masa wata roba da ke yoyo. Kafaɗar rigarsa ta koɗe fari-fari inda maganin ya riƙa ɗiga. Tsoho ya ga kafaɗar. Daga baya ya sha tuna cewa ya gan ta. Amma a lokacin idanu ne a kansa, kuma abu uku ne kawai za a iya ɗora wa laifi: maganin, ko madatsarsa, ko yaron. Maganin ya riga ya kuɓuta.

"Kai. Ina maganin da na ba ka?"

"Na fesa, Baba."

"Da me ka sayi waya?"

"Yayan matata ne ya..."

"Ruwa ka fesa."

"Wallahi, Baba, na fesa. Gindi-gindi na bi."

"Ruwa ka fesa, na ce. Ɗan da na haifa ya sayar da maganin gonata ya fesa mata ruwa. Ku shaida."

Sai Direba, wai don ya sassauta, ya ce, "To, Feshin-Ruwa, sauke tankin ka huta." Dariya ta ɓarke, har mai shago sai da ya juya baya yana ƙyaƙyatawa. Dogo ya karɓi robar, ya gyara igiyar famfon a kafaɗa, ya tafi.

Nan da nan sunan ya bi gari. Yara suna kiransa ta bayan katanga su ruga. A wurin ɗiban ruwa mata suna ce wa matarsa matar Feshin-Ruwa. Wani mai lambu da ya saba ɗaukarsa aikin feshi ya nemi wani.

Matar Tsoho ta same shi a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanya.

"Malam, yaron nan bai taɓa yi maka ƙarya ba."

"Yau ya fara."

"Wayar nan yayan matarsa ne ya aiko masa, a gabana aka kawo. Ni na wanke rigar da ya yi feshin da ita, har yau hannuna saɓa yake."

"Ke, na tambaye ki?"

"Ba ka tambaye ni ba. Da ka tambaya ai da ba a kai haka ba."

Ya buga ƙotar da ƙasa. Ta koma ɗaki.

Ya san abin da ya kamata. Ya koma benci ya ce ya yi kuskure. Tafiyar ba nisa. Amma masara ta faɗi, kuma wani abu ne ya kayar da ita. In ba yaron ba ne, to madatsa ce. Mai Keke kuwa yana da kunne.

Dogo ya tsaya har aka yi girbi. Ya tsince ɗan abin da ya tsira, ya kai sito, ya share ƙofar. Ya wanke famfon feshi, ya shanya, ya mayar kan ƙusarsa. Sannan ya durƙusa a ƙofar ɗakin ubansa.

"Baba, zan je birni in nemi aiki."

"Hanya a buɗe take."

"A yafe mini."

"Ajiye mini makullin sito."

Ya ajiye. Mota ta tafi da shi da matarsa da 'yarsu, katifa a ɗaure a sama. Uwar ta raka su bakin titi. Tsoho ya tafi gona.

Gida ya yi faɗi. Ɗakin Dogo a kulle, kaji suna shan inuwa a ƙofarsa. Uwar takan yi waya da ɗanta a bayan ɗaki, in ta ji takun Tsoho ta rage murya. Bai taɓa tambaya ba. Sai dai yakan daɗe a wurin yana neman takalminsa.

Kara ya yi yawa a shekarar, tunda rabinsa a ƙasa ya ƙare. Tsoho ya tattara shi kaf, har ruɓaɓɓen. Shi ba ya asarar kara. Ya ɗaɗɗaure, ya ɗaga madatsa ta fi ta kowace shekara tsawo. Ragowar ya hau da shi tudu ya toshe bakin kunyoyi, don can ma ruwa ya ɗan tsaya.

Damina ta dawo irin ta bara. Wannan karon bai jira ba. Tun masara ba ta kai ƙugu ba ya goya famfo. Famfon ya fi ƙarfinsa yanzu, igiya tana cin kafaɗarsa, gwiwarsa tana ƙara a cikin laka. Robar ma ta sake yoyo, bai koma shago ba. Ya zuba murfi biyu. Ya koma uku. Ya bi gindi-gindi, ya sake zagayowa. Da idonsa ya auna, da hannunsa ya fesa.

Masara ta fara goyo, ta murɗe, ta kwanta. Gangare duka. Sannan abin ya hau tudu, daidai bakin kunyoyin da ya toshe. Can ƙetaren iyaka kuwa masarar Mai Keke tana tsaye ƙyam.

Tsoho ya tsaya da sanda a hannu, bai tura ko kara ɗaya ba. Ya san amsar da za su ba shi.

A lokacin wata malamar gona tana zagaya gonaki, da takalman roba da ɗan akwatin sanyi, domin an ga irin wannan faɗuwar nan da can, duk inda ruwa ke kwanciya. Mai shago ne ya nuna mata hanya. Ta yi sallama daga nesa ta shigo. A idon Tsoho yarinya ce, ba ta ma kai Dogo shekaru ba.

"Sannu da aiki, Baba. A ba ni izini in yanki kara kaɗan?"

"Yanke duka. Me zan yi da shi?"

Ta tsaga ɗaya da wuƙa, ta shinshina, ta yatsine fuska. Ta ɗebi kara, ta ɗebi ƙasa, ta ɗebi ruwan kwarin kunya a 'yar kwalba.

"Funfuna ce," in ji Tsoho. "Ba sai kin kai ta ko'ina ba."

"Wataƙila. Zan dawo."

Bai zaci za ta dawo ba. Ta dawo, bayan ruwa ya fara ja da baya. Ta same shi zaune a kan madatsa. Ta tsuguna ta nuna masa hoto a waya, wasu zare-zare farare da 'yan ƙulle-ƙulle a jikinsu.

"Ga ta nan," ya ce. "Funfuna."

"Mu ma haka muka ɗauka, Baba. Kama ce kawai. A ido funfuna ce, amma ba jininsu ɗaya ba. Shi wannan abin ruwa ne. 'Ya'yansa iyo suke yi, har da 'yar jela. In ruwa ya kwanta ga zafi, sai su bi shi daga wannan gindi zuwa wancan. Kwanan nan muka gane shi ne yake kayar da karan nan. Ko suna bai samu ba tukuna, sai na ɗakin bincike, wanda ni kaina sai na huta a tsakiya nake ƙarasa shi."

Bai yi dariya ba.

"Maganin fa?"

"Wanne kuka fesa?"

Ya nuna mata kwalbar da sanda.

"Wannan na funfuna ne. Mai kyau ne kuwa. Amma shi wannan abin ko a jikinsa."

Tsoho ya daɗe yana kallon kwalbar.

"In mutum ya fesa shi daidai fa? Murfi biyu. Ya bi gindi-gindi."

"Ko wanka ya yi wa masarar da shi, Baba, faɗuwa za ta yi."

"Ko bara?"

"Bara ma haka ta yi muku? Ko bara. Bara ai mu ma ba mu san shi ba."

Sai ta lura da abin da yake zaune a kai. Ta tona ƙasar da tsinin takalmi, ruɓaɓɓen kara ya leƙo, baƙi, yana naso.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

Ta buɗe baki, ta rufe. Yarinyar tana da tarbiyya. Da ta sake magana, a hankali ta yi.

"A cikin irin wannan karan yake ɓoyewa har wata damina. Ga kara, ga ruwa a tare. Baba, sai an tone ta an ƙone. A haƙa wa ruwa hanya. Amma kada a sake shi gonar maƙwabci a kai masa ciwo, ai wannan madatsar ce ta tsare masa tasa. A bi da ruwan ta gefen iyaka har lambatun titi. Gangaren kuma a hutar da shi daga masara. Akwai mai taya ku? Haƙar da nisa."

"Akwai," in ji Tsoho.

Da ya koma gida ya tarar an shanya rigarsa ta aiki a kan igiya. Kafaɗar ta koɗe fari-fari, daidai inda ta Dogo ta koɗe. Ya tsaya a gabanta har matarsa ta leƙo ta tambaye shi ko wani abu ne. Ya ce babu.

Ya sa kara ɗaya a buhu, wanda gaɓarsa ta fi ruɓewa, ya hau motar birni. Matarsa ce ta kwatanta masa wurin da Dogo yake aiki. Ba ta tambaye shi me zai je yi ba.

Ya sami Dogo a wani titi da ake yi wa magudanar ruwa. Dogon rami ne a gaban shaguna, katakai a jere, injin kwaɓa siminti yana ruri. Dogo yana cikin ramin har ƙirji, da shebur a hannu. Wani ya taɓa shi ya nuna masa sama. Ya fito, ya goge hannu a wando, ya rusuna.

"Baba! Lafiya? Inna fa?"

"Lafiyarta lau."

Ya nemi izini wurin shugaban aiki, ya kai ubansa inuwar wani shago da ke rufe, ya kife masa bokiti ya zauna a kai. Ya samo masa ruwan sha. Shi kuma ya tsuguna.

Tsoho ya zaro karan ya miƙa masa. Dogo ya matsa gaɓar, ta fashe a yatsunsa.

"Ta sake?"

"Har tudu. Ni na fesa. Murfi uku."

Dogo ya goge yatsunsa a wando.

"Wata malama ta zo. Ta ce ba funfuna ba ce. Wani sabon abu ne, iyo yake yi a ruwa. Ta ce maganin ba ya taɓa shi. Ko wa ya fesa."

"To."

"Ko wa ya fesa, ta ce."

"Na ji, Baba. Ni ai na san na fesa."

Injin siminti ya tsaya, ya sake tashi. Tun a cikin mota Tsoho ya tattaro maganar, ya jera ta, ya kawo ta har maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "Ka rame."

"Aikin ne."

"Za a tone madatsa. Za a haƙa hanya ta gefen iyaka har titi. Gangare yana nan."

"Na san inda yake."

Dogo ya jujjuya karan a hannunsa.

"Kwanakin baya uwarta ta kai yarinyar nan ta gaida Inna. Ta dawo tana tambayata, wai Abba, me ya sa ake ce maka Feshin-Ruwa? Yara ne suka koya mata. Har waƙa suka yi da shi. A nan Dogo suke ce mini, Baba. Ba wanda ya san wancan."

"Zan hana su."

"A gaban mutane aka faɗa, Baba. Ka ce su shaida. Sun shaida."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga, da Tsoho ya san abin yi.

Dogo ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. "In za a haƙa, daga titi za a faro a hauro. Kada a fara da madatsa, abin da ya rage na ruwa zai ɓalle gonar Mai Keke. A ja igiya. Zurfin ya fi yawa ta wajen titi, a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan. A sami ƙarti biyu, aikin ba zai gagara ba."

"Ba ƙarti biyu nake nema ba."

Shugaban aiki ya yi fito. Dogo ya miƙe. Ya tare wa ubansa mota, ya roƙi a ba shi kujerar gaba saboda gwiwa, ya rufe masa ƙofa da kansa.

"A gaida Inna."

Karan yana can a ƙasa, inda suka zauna.

Da Tsoho ya sauka daga mota bai shiga gida ba, ya wuce shago. Benci a cike, kusan mutanen nan ne dai. Bai zauna ba. Ya dogara da sanda.

"Ku saurara. Bara na tsaya a nan na ce ɗana ya sayar da magani ya fesa ruwa. Ƙarya na yi masa. Ya fesa. Ciwon ne ba ya jin maganin, madatsata kuma ita ta riƙe shi. Ku shaida wannan ma."

Ba a taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba. Kafinta ya sunkuyar da kai. Mai shago ya ce, "Allah Sarki. Ai malamar ta gaya mana. Ya wuce, Baba, wa yake riƙe da wannan?" Direba ya ce, "Ni dama wasa nake yi." Aka matsa masa wuri a benci. Aka koma hirar taki.

Ya juya zai tafi ke nan, sai wani ya iso a kan babur. Bai ji abin da aka ce ba. Mutumin kirki ne kuwa, ya kashe inji, ya gaishe shi da ladabi.

"Baba, an ce birni ka je. Ka same su lafiya? Ya Feshin-Ruwa da iyali?"

Tsoho ya ɗaga sanda. Mutumin ya ja baya, bai san laifinsa ba. Sandar ta tsaya a sama, sannan ta sauko a hankali. Wa zai doka?

"Suna lafiya," ya ce.

Washegari ya ɗauki shebur da igiya. Ya faro daga titi yana haurowa, yadda aka zana masa. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tauri. Yakan haƙa kaɗan ya zauna, ya murza gwiwa, ya tashi. Mai Keke ya zo wucewa, ya rage gudu, ya dubi ramin, ya dubi madatsar can sama. Bai kaɗa ƙararrawa ba.

Da rana ta take matarsa ta kawo masa abinci. Ta ajiye a inuwa. Ta tsaya tana kallon igiyar da ta miƙe har gangare, da ɗan abin da ya haƙa.

"Ya ce yaushe zai zo?"

"Bai ce ba."

"Ka tambaye shi?"

Tsoho ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama shebur.